Wai Jimi Hope Ba Namu Ba Ne?



Kwana biyu bayan Babbar Sallah, da daddare, ina zaune a teburin mai shayi a bakin titin Agoe-Zongo. Ƙamshin soyayyen nama bai gama barin unguwa ba. Wani saurayi ɗan zemijan ya jingine babur ɗinsa, ya nemi shayi da burodi, sannan ya kunna waƙa a wayarsa. Murya ce mai kauri da kaushi, kamar ta wanda ya kwana yana kira a cikin hazo, ga jitar lantarki tana kuka a bayanta. Wani dattijo da ke gefena, sa'an mahaifina, ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai yaro, wannan ihun fa?" Saurayin ya rusuna ya ce, "Baba, Jimi Hope ne, wanda ya rasu a Paris makon jiya." Dattijon ya ce, "To mu ina ruwanmu? Kashe. Ba namu ba ne."

Yaron ya kashe. Ni ma na yi shiru, domin ba a yi mini tarbiyyar musu da sa'an ubana a bainar jama'a ba. Amma kalmar ta bi ni har gida, ta hana ni barci. Na tuna cewa ba daga bakin dattijon nan kaɗai na ji ta ba. Na ji ta daga bakin 'yan kasuwa, na ji ta daga bakin waɗanda suka yi boko har jami'a. Saboda haka wannan rubutu ba da dattijon nake yi ba, da kalmar nake. Ina ganin kalma ce mai cutarwa, kuma a duk faɗin Lome mu ne mutanen da bai kamata ta fito daga bakinmu ba.

Bari mu fara da mamacin, tunda wasunmu sunansa kawai suka sani. Sunansa na yanka Koffi Senaya. An haife shi a 1956, ya rasu a Paris ranar 5 ga Agusta, 2019, yana da shekara 62. Ya fara fitowa ne da wata ƙungiyar makaɗa mai suna Acide Rock, daga baya ya ci gaba da sunan kansa. Sunan da ya ɗauka yana tuna wa mutum Jimi Hendrix, baƙar fatar Amurka da ya juya jitar lantarki yadda ba a taɓa juya ta ba, ya rasu a 1970 yana da shekara 27 kacal. Bayan waƙa, Jimi Hope mai zane ne kuma masassaƙi. Kafofin labarai sun sha kiransa sarkin kiɗan rok na Afirka, kuma ko da mutum ya rage wani abu daga wannan kirari, abin da ya saura ya isa a tsaya a dube shi.

Ku tuna irin garin da ya yi wannan aiki a ciki. Lome gari ne da rumbar Kwango ta mamaye, hailaif na Ghana yana shigowa ta Aflao ba tare da fasfo ba, daga baya kiɗan Abidjan ya zo ya cika kowane shago, sannan yaranmu suka koma bin Toofan. Rok bai taɓa zama hajar da kasuwa ta fi nema ba. Duk da haka mutumin nan ya riƙe shi shekaru da dama, bai sake shi don ya bi abin da ake yayi ba. Mu da muka gāji fatauci mun san darajar wanda ya tsaya a kan hajarsa ko da kasuwa ta juya masa baya. Idan ɗan Zango ne ya yi haka da goro ko da shanu, cewa za mu yi mutum ne mai magana ɗaya.

Waƙoƙinsa kuwa, duk wanda ya girma a garin nan ya ji su, ko ya so ko bai so ba. "I Can't Take It", wato ba zan iya jurewa ba. "It's Too Late", wato lokaci ya ƙure. Da "Agbébavi", wadda sunanta ya fara da agbe, kalmar da kowane ɗan Zango ya san tana nufin rayuwa a bakin maƙwabtanmu. Ni a rediyon wani tela na fara jin muryarsa, ina yaro an aike ni karɓo ɗinkin Sallah. Ban san Ingilishi ba a lokacin, ban fahimci kalma ko ɗaya ba. Abin da na fahimta shi ne mutumin nan wani abu yana cin ransa, kuma ya ƙi haɗiye shi. Na tsaya a bakin shagon har waƙar ta ƙare, na koma gida a makare, na sha faɗa. Daga baya na sake jin muryar a cikin tasi, a shagunan kaset na Dekon, a gidajen abokan makaranta. Ta shiga cikin ƙarar garin nan kamar yadda ƙugin teku da hon ɗin 'yan zemijan suka shiga. Wanda ya ce bai taɓa jin ta ba, sai dai in a wani Lome ya zauna.

To da wace hujja ake cewa ba namu ba ne? Na saurari masu faɗin haka, na ga hujjojinsu uku ne. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wai kiɗan Turawa ne. Wannan magana rashin sanin tarihi ne tsagwaronsa. Rok ɗa ne ga kiɗan buluz, buluz kuwa kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga wannan yanki namu. Waɗanda suka aza harsashin rok, irin su Sister Rosetta Tharpe da Chuck Berry da Little Richard, duk baƙaƙe ne. Turawa daga baya suka shigo, suka ci kasuwarsa. Wannan gaɓar teku da muke zaune a kanta, Turawan da kansu Gaɓar Bayi suka kira ta a taswirorinsu, kuma Aneho da ke nan gabas da mu tana cikin tashoshin da aka yi lodin mutane. In za mu faɗi gaskiya har ƙarshenta, kasuwanni irin su Salaga, inda kakanninmu suka yi fataucin goro, ba goro kaɗai aka sayar a cikinsu ba. Waɗanda aka tafi da su ba su tafi da kaya ba, amma sun tafi da kunne da hannu. Banjo, abin kiɗan da suka ƙera a can, asalinsa ƙwarya ce da aka rufe da fata aka ɗaura mata tsirkiya. Duk wanda ya taɓa ganin gurmi ko garaya ko kuntigi ya san danginsa in ya gan shi. Marigayi Ali Farka Touré na Mali, wanda ya rasu a 2006, ya shafe rayuwarsa yana nuna wa duniya da jitarsa cewa tushen buluz yana bakin kogin Kwara. Buzaye maƙwabtanmu sun ɗauki jitar lantarki sun mai da ita tasu, har ƙungiyar Tinariwen ta ci kyautar Grammy a 2012, Bombino ɗan Agadas kuma yana zagaya duniya da ita. A harshenmu ma Bala Miller ya yi waƙar Hausa da kayan kiɗan zamani a Najeriya, Sa'adu Bori na Maraɗi ya yi a Nijar. Saboda haka abin da Jimi Hope ya yi, kayan gida ne da aka sace aka kai ƙetare, ya je ya karɓo.

Kuma ina tambaya, mu ne za mu yi ƙorafin kiɗan baƙi? Mu da muka tashi a kan finafinan Indiya, muka haddace waƙoƙinsu ba tare da sanin ma'anar kalma ɗaya ba? Waƙoƙin finafinan Kano da ake sa wa a kowane biki a Zango, da fiyano ake kaɗa su, kuma kowa ya san inda aka aro salonsu. Kiɗan da ya taso daga Bombay ya zama namu, amma wanda ɗan garinmu ya yi a bayan katangarmu shi ne baƙo. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta addini. A nan zan taka a hankali, domin ni ba malami ba ne, kuma ban zo in halatta abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba. Akwai bayin Allah a cikinmu da suka bar kiɗa gaba ɗaya saboda tsoron Allah, ba sa jin na Bahaushe, ba sa jin na kowa. Waɗannan ina girmama su, kuma maganata ba ta shafe su ba. Irin wannan mutum in ya ji waƙa cewa yake yi, "Ni ba na jin kiɗa." Wannan magana ce tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma "ba namu ba ne" wata magana ce daban, domin ba kiɗan take kora ba, mutumin take kora. Mafi yawan masu faɗinta kuwa, in ka shiga motarsu za ka tarar da Shata ko Ɗanƙwairo suna tashi. Ashe ba kalangu ko jita ne matsalar ba, sunan mai waƙar ne.

Ba wanda ya ce a yi wa mamacin abin da shari'a ba ta yarda a yi masa ba. Amma yaushe addininmu ya hana mu jin mutuwar maƙwabci? Malamanmu sun karantar da mu, kuma yana cikin ingantattun hadisai, cewa an wuce da gawar wani Bayahude ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye. Da aka gaya masa ko gawar wane ne, sai ya tunatar da sahabbansa cewa ai shi ma rai ne. Sun kuma karantar da mu cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko da ba addininku ɗaya ba. Idan matar da ke sayar mana da gawayi ta yi rashi, iyayenmu mata suna zuwa su gaishe ta, ba wanda ya ce imaninsu ya ragu. To me ya sa abin da muke yi wa mutum ɗaya a lungu muke ƙyashin yi wa gari baki ɗaya ranar da ya yi rashi?

Hujja ta uku ita ce ta harshe, wai ba ma jin abin da yake faɗa. Wannan ita ce ta fi ba ni dariya. A Asigame, in ciniki ya kai ciniki, wane ɗan Zango ne ba ya jin Mina? Iyayenmu mata suna taya atamfa da ita, mahautanmu suna yanka nama da ita, dillalan shanu suna rantsuwa da ita. Yaranmu suna wasa da Ewe, suna karatu da Faransanci. In maganar kuɗi ce kunnenmu a buɗe yake, sai in maganar zuciyar mutanen ce muke zama kurame.

Waɗannan su ne hujjojin, kuma ba ɗayansu da ya tsaya da ƙafarsa. Amma abin da ya hana ni barci ya wuce raunin hujja. Na san kalmar nan tun kafin in san Jimi Hope, domin a kanmu aka fara faɗinta.

Hausawa suna Lome tun zamanin Jamus, kafin ƙarni na 19 ya ƙare. Lokacin da Jamusawa suka mai da Lome hedikwatar mulkinsu a 1897, fatakenmu sun riga sun san hanyar garin. Mun ga Jamus ta tafi, mun ga Faransa ta zo ta tafi, muna nan aka ɗaga tutar 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu, 1960. Mu muka ciyar da garin nan da nama, mu muka kawo masa goro. Tsohon Zango yana tsakiyar gari, da masallatansa da makarantun allonsa da zaurukan masu gida inda baƙo daga Sakkwato ko Tawa ko Gao yake sauka ya sami masauki da dillali da lamuni. A 1977 hukuma ta rushe shi. Aka kwashe dubban mutane aka kai su nan arewa, kimanin kilomita 15 daga inda aka binne cibiyoyinsu, inda a lokacin daji ne. A shekarar Jimi Hope saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana neman hanyarsa da jita.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka ɗora katifa a ka a wannan shekara. Har ya koma ga Allah bai cika son maganar ba. Abu ɗaya ya taɓa gaya mini: rushe ɗakin bai yi masa ciwo kamar yadda wasu 'yan gari suka tsaya suna kallo ba, kamar ana kwashe kasuwar ƙauye bayan ta watse. A idonsu mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne, rana na fitowa zai bushe. Ba sai sun furta ba, amma abin da tsayuwarsu take cewa shi ne: ba namu ba ne. Har gobe kowannenmu ya san wani da aka haifi ubansa da kakansa a garin nan, amma ranar da ya je neman takardar zama ɗan ƙasa aka dubi sunansa aka tambaye shi daga ina ya zo.

To ku duba abin da muke yi. Kalmar da aka yanka mu da ita, ita muka ɗauka muka wasa, muna yanka kanmu da ita. Duk ranar da ɗan Zango ya dubi wani babban abu na garin nan ya ce ba nasa ba ne, ya sa hannu a kan takardar da ke cewa shi baƙo ne. Ba za ka ce makokin gari ba naka ba ne, sannan ranar rabon gado ka ce kai ɗan gida ne. Asalin kalmar zango wurin da ayari yake yada kaya ne ya kwana, gari ya waye madugu ya ce a ɗaura. Mun fi shekara ɗari da ashirin a nan. Kaburburan kakanninmu suna nan. Wane ayari muke jira ya tashi? Ina za mu? Wanda ya taɓa zuwa Kano ko Maraɗi daga cikinmu ya san abin da ake kiransa a can: ɗan Togo. Da ya buɗe baki an gane Hausarsa ta sha ruwan teku.

Na san abin da ke ƙarƙashin maganar dattijon, kuma ba zan raina shi ba. Tsoro ne. Mu 'yan tsiraru ne a tsakiyar teku na wasu harsuna. Yana ganin jikokinsa suna amsa masa da Faransanci, yana ganin yarinyar da ba ta iya gaisuwar safe da Hausa ba sai ta haɗa da Mina, yana jin cewa in aka buɗe ƙofa kaɗan, abin da ya rage ma zai zube. Wannan tsoro gaskiya ne, ni ma ina da shi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon ɗakinmu ba daga jitar Jimi Hope yake ba. Daga hannunmu yake.

Ga gwaji. Mun ce wancan ba namu ba ne. To, namu fa, ina suke? A tsohon Zango akwai makaɗan kalangu da ke yi wa mahauta kiɗa. Akwai masu goge. Akwai mata masu kiɗan ƙwarya da suke raya bikin aure da na suna har asuba. Akwai masu bege da suke sa dattawa hawaye a daren Mauludi. Ina roƙon duk mai karanta wannan da bai kai shekara arba'in ba ya kawo mini sunan mutum uku daga cikinsu. Ina hotonsu? Ina kaset ɗinsu? Wa ya rubuta baiti ɗaya daga bakinsu? Sun yi mana kiɗa mun yi rawa, mun yi musu liƙi, da gari ya waye muka kira su maroƙa, muka hana su 'ya'yanmu. Da suka mutu muka binne su tare da duk abin da ke cikin kansu. Ashe "ba namu ba ne" ba a kan Koffi ta fara ba. Mun daɗe muna faɗa wa mawaƙanmu ita, da Hausa, a cikin gida.

Ku dubi yadda wasu suke riƙe nasu. Bella Bellow ta rasu a haɗarin mota a watan Disamba na 1973, ba ta kai shekara talatin ba. Mutanen ƙasar nan ba su bar muryarta ta bi ta kabari ba. Bayan shekara 45, ranar 11 ga Nuwamba, 2018, Angélique Kidjo ta tsaya a Paris a gaban shugabannin duniya, a taron cika shekara ɗari da ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta rera waƙarta "Blewu". A ƙasar Hausa ma an fara farkawa tuntuni: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, yana raye, kuma ɗalibai suna rubuta kundaye a kan waƙoƙinsa da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Mu kuwa, littafin da aka fi sani a kan Zangon Lome wani Bafaranshe ne ya rubuta shi, Michel Agier, aka buga a 1983, da Faransanci. Ya zauna da iyayenmu, ya tambaye su, ya rubuta. Ban ga laifinsa ba, ya yi abin da ya kamata mu yi ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma in mai ita ya yi shiru, dole a ji ta a bakin wani.

Kada wani ya ce buɗe ido ga maƙwabta baƙon abu ne a al'adar Zango. Babban malamin da zangunan wannan yanki suke alfahari da shi, Alhaji Umaru, an haife shi a Kano, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi, wadda a lokacin take ƙarƙashin Togo ta Jamus, ya rasu a can a 1934. Limami ne, malamin malamai. Amma bai rufe ƙofarsa ya ce abin da ke waje ba nasa ba ne. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Turawa, a kan talauci da wadata, a kan abin da idonsa ya gani a zamaninsa. Ya zauna da jami'in Jamus Adam Mischlich ya rubuta masa tarihi da al'adun ƙasar Hausa, abin da masana suke amfani da shi har yau. Saninsa da na waje bai rage masa Hausa ko Musulunci ba. Shi ya sa muke da abin da za mu nuna daga wancan zamani. Al'ummar da ta saba kallon abin da ke kewaye da ita da idon basira ita ce take iya kallon nata. Wadda ta saba kawar da kai kuwa, wata rana nata ma za ta kawar wa kai, kuma mun riga mun fara.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba mai tsada ba ne. Ina roƙon sarakunanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu, duk ranar da garin nan ya rasa wani babba nasa, malami ne ko likita ko mawaƙi, a ga wakilan Zango da rigunansu da hulunansu sun je gaisuwa, a san cewa mun ji. Ina roƙon samarinmu, wayar da kuke kallon ƙwallo da ita tana ɗaukar murya. Ku je wurin kakanninku mata tun suna da rai, ku ce su rera muku waƙoƙin daka da na reno da na kamun amarya, ku tambayi dattawa su wa suka yi kiɗa a tsohon Zango, a wace ƙofa, a bikin wa. Duk tsohon da muka kai makwanci ba mu tambaye shi ba, an sake rushe wani lungu na tsohon Zango, kuma wannan karon ba katafilar hukuma ba ce. Ina roƙon iyaye, in yaro ya nuna baiwar waƙa, kafin ku kore shi ku saurare shi, ku ce ya yi da Hausa, ya yi mai ma'ana. In kun kore shi ba daina waƙar zai yi ba, da harshen wasu zai yi ta. Sannan ina roƙon wanda bai haramta wa kansa kiɗa ba, ya nemi waƙa ɗaya ta Jimi Hope ya saurara daga farko har ƙarshe. In ta yi masa, to. In ba ta yi masa ba, ya ce ba ta yi masa ba, wannan haƙƙinsa ne. Amma kada ya ce ba ta garinsu ba ce.

Bayan kwana uku da zaman teburin shayi, na je gidan dattijon da la'asar. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa. Na ce, "Baba, ina da tambaya, in ba za ta ɓata maka rai ba." Ya ce in yi. Ban ambaci Jimi Hope ba. Na ce, "Ranar da aka ɗaura maka aure a tsohon Zango, wa ya yi kiɗa?" Ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya faɗi sunan wani makaɗin kalangu, ya faɗi ƙofar da yake zaune, ya ce in ya saɓa kalangu a hammata har mahautan Ewe sukan bar rumfunansu su zo kallo, su yi masa liƙi. Na ce, "Baba, su ba su ce ba nasu ba ne?" Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce, "Kai ɗan wane, ashe shayin nan bai wuce maka ba." Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Amma ya riƙe ni har aka kira magariba yana lissafo mini makaɗa da zabiyoyi, ina rubutawa a bayan takardar kuɗin lantarki, domin ita kaɗai ce a aljihuna. Sunaye bakwai na fito da su. Duk sun mutu, kuma a gidanmu ba wanda ya taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu.

Ga iyalan Koffi Senaya da 'yan'uwansa da duk masoyansa, muna miƙa ta'aziyya daga Zango. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Mutumin garinmu ne, mun ji muryarsa, mun kuma ji mutuwarsa.

Wanda yake da suna na takwas, ƙofata a buɗe take. Wassalam.